Shagon tsofaffin littattafai na bayan Wunti: na je neman Bala Usman na kwashi awa uku

Ƙanwata ce ta jawo min wannan yawon. Tana ajin ƙarshe tana rubuta furojet a kan PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, malaminta yace mata in bata karanta Bala Usman, masanin tarihin nan na jami'ar ABU Zariya ba kada ma ta sake taka ofis ɗinsa, ta duba intanet ta duba laburare bata samu komai ba sai guntu-guntu, shine ta kirani kamar zata yi kuka wai yaya ka rufa min asiri. Na zaga duk shagunan littattafan da na sani a garin nan na Bauchi, ko'ina abu ɗaya, na WAEC da JAMB, na 'yan firamare, sai na addini. Wani yaron shago ma tambayata yayi wai Bala Usman ɗin ɗan fim ne? Ban ce masa komai ba na hau mashin ɗina. A ƙarshe wani abokin aikina ne yace in shiga lungun bayan kasuwar Wunti in tambayi dattijon nan mai tsofaffin takardu, yace in babu a wajensa to sai dai Zariya.

Farko dai ku sani shagon bashi da allo. Sau biyu ina wucewa. Yana tsakanin mai gyaran fanka da wani tela, alamar da zaka gane shi kawai mabuɗi ne da aka zana da fenti a jikin ƙofar, ya koɗe har ya kusa ɓacewa, wanda ya san siyasar da ya san tambarin PRP kenan. Ciki ɗaki ɗaya ne, kwalayen taliyar yara an jera su har rufi cike da takardu, benci ɗaya, rediyo mai batir, ga warin tsohuwar takarda haɗe da na maganin gara. In kana da asma ka tafi da takunkumi, ba wasa nake ba, atishawa na dinga yi har na dawo gida.

Na gaida Baban, nace Baba littafin Bala Usman nake nema. Ko ɗagowa bai yi ba yace wanne daga ciki ɗana? Nan na fara raina kaina don ni a zatona ɗaya ne. Ya miƙe, ya ja wani kwali daga ƙasan na uku ba tare da ya duba rubutun jikinsa ba, ya fara zarowa yana bugawa a cinya ƙura na tashi. Ga na tarihin Katsina wanda asalinsa kundin digirinsa na uku ne da ya gama a ABU a 1974, ga wanda ya rubuta a kan IMF, ga wanda ya fito 1987 a kan yadda manya ke juya addini don su raba kan talakawa, sai tsofaffin mujallu, The Analyst ta turanci da Fitila ta hausa, gefensu duk yayi ja. A wannan ɓangaren kam ban da abin cewa, mutumin ya san kayansa kamar yadda mahauci ya san nama, ka faɗi shekara zai faɗa maka kwalin.

To amma ba'a shiga shagon nan a fito da wuri, wannan shine daɗinsa kuma shine matsalarsa. Yana miƙo min littafi na farko ya aika yaro ya karɓo shayi, daga nan aka buɗe karatu. Wasu abubuwan na sani, da yawa ban sani ba. Misali ni ban taɓa sanin cewa mutumin nan da ya ƙare rayuwarsa yana caccakar masu mulki jinin sarauta bane gaba da baya. An haife shi a Musawa 1945, babansa Durɓin Katsina, kakansa na wajen uba Sarkin Katsina Dikko, na wajen uwa Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Yayi karatu a Lankasta ta Ingila, ya dawo ya koyar a Barewa kafin ya koma jami'a. Baba yace da ya so da rawani zai naɗa ya zauna ana faɗuwa ana gaishe shi, amma ya zaɓi alli da faɗa da gwamnati. Ni abin da yafi tsaya min a rai shine labarin kwamitin tsarin mulki. Murtala ya kafa shi a 1975, mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams, aka gama aiki kowa ya sa hannu sai mutum biyu, Bala da masanin tarihi Segun Osoba, suka ce basu yarda ba suka rubuta nasu daban a 1976. Babban abin da suka kafe a kai shine ilimi da lafiya da aikin yi kada su zama alƙawarin baki a takarda, su zama haƙƙin da talaka zai iya kai gwamnati kotu a kansa. Gwamnatin soja ta lokacin bata ko saurare su ba. Sai 2019 cibiyar da shi Bala ya kafa a Zariya, CEDDERT, ta buga rahoton ya fito kasuwa, shekara 14 bayan rasuwarsa. Baba yana da kwafi biyu kacal, na ɗauki ɗaya, kuma wallahi ina karantawa ina tuna ajin da nake koyarwa mai yara sun fi tamanin rabinsu a ƙasa suke zama.

Inda muka fara samun saɓani da Baba shine a bango. Ya manna hoton Malam Aminu Kano, dab da shi kuma na Bala Usman wanda aka yanko daga jarida, kafaɗa da kafaɗa kamar basu taɓa saɓawa ba. Ni kuma marigayi babanmu ɗan taɓo ne na gidi, tun muna yara muke jin labarin nan a tsakar gida, don haka nace Baba ai waɗannan biyun ba layi ɗaya suka ƙare ba. Yayi shiru, yace sha shayinka ɗana kada ya huce.

Ga wanda bai sani ba, a zaɓen 1979 PRP ta ci jihohi biyu, Kano ta Abubakar Rimi da Kaduna ta Balarabe Musa, kuma suna hawa suka soke haraji da jangali. Bala Usman shine ya zama sakataren gwamnatin Kaduna, wato ba a gefe ya tsaya yana rubutu ba, cikin gwamnatin ya shiga tsundum. Ba'a jima ba rigima ta ɓarke, gwamnonin biyu suna zama da takwarorinsu na jam'iyyun UPN da GNPP a taron gwamnonin ci gaba, uwar jam'iyya tace su daina, suka ƙi, a 1980 gida ya rabe biyu. Masu bin Malam su ne 'yan taɓo, masu bin gwamnoni ƙarƙashin Michael Imoudu su ne 'yan santsi, kuma Bala yana ɓangaren santsi. Majalisar Kaduna da NPN, jam'iyya mai mulkin ƙasa a lokacin, ta cika ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe har aka tsige shi a watan Yuni 1981, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a ƙasar nan, wata mai zuwa kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad mai ba Rimi shawara a tarzomar Kano. Malam ya rasu a Afrilu 1983 gidan bai koma yadda yake ba.

Da na matsa masa Baba ya amsa cewa eh shi ɗan santsi ne, amma yace a nan Bauchi lokacin Tatari Ali ne gwamna, NPN ko'ina tambarinsu na gida da masara, mu 'yan mabuɗi duka-duka mu nawa ne da har zamu rabu, in an zo dukanmu ba'a tambayar santsi ko taɓo. Dariya ta kamani, amma ban bar maganar ba. Ni a ganina, kuma wannan ra'ayina ne ba na kowa ba, Baba yana sayar da Bala Usman kamar waliyyin da bai taɓa kuskure ba, alhali takardun da ke cikin kwalayensa sun fi bakinsa gaskiya. In ka karanta zaka ga mutum mai kaifin alƙalami wanda baya raga wa kowa, in yana jayayya da kai sai ya kawo maka shekara da lamba da shafi, amma kuma zaka ga ɗan siyasa da ya zaɓi ɓangare, ya tsaya a kai, kuma rabuwar nan da yake ciki tana cikin abin da ya karya jam'iyyar talakawa ƙwaya ɗaya da Arewa ta taɓa gani ta hau mulki. Ko su suka fi gaskiya ko Malam, wannan har gobe ana musu. Abin da ban yarda dashi ba shine a ɓoye wa ɗalibi cewa an yi musun. Na gaya wa ƙanwata ta rubuta duka biyun.

Wani abin da Baba ke yi wanda ya ban haushi, in ka ambaci wani marubuci da ba na layinsu ba sai yace baya ajiye shara. Haba Baba, shagon littafi ne fa ba ofishin jam'iyya ba. Na tambayi ko yana da wani abu daga ɓangaren NPN don yarinyar ta samu na kwatantawa, ya kalleni kamar na zagi iyayensa.

Amma fa akwai inda ya burgeni har na manta haushin. Ya ciro wata Fitila ya karanta min da ƙarfi, hausa ce tsantsa wadda manomi zai gane, ana bayanin bashin ƙasashen waje da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na Babangida da yadda faɗuwar naira ke shiga tukunyar mai gida. Yace wannan shine bambancin mutanen nan da 'yan bokon yanzu, basu tsaya a turanci ba. A 1989 gwamnatin Babangida ta sallami Bala daga ABU, ya je kotu ya ci ya koma bakin aikinsa. Sai ya ɗauko zancen mai, yadda Bala ya tayar da ƙura a farkon shekarun 2000 da yace man Neja Delta ya samu ne daga laka da tarkacen da kogunan Kwara da Binuwai suka kwaso tun zamanin zamanai, don haka ba wanda zai ce nasa ne shi kaɗai, 'yan kudu kuwa suka yi masa ca. Baba yace to kogin Gongola ina yake zuba in ba Binuwai ba, kaga har ƙasar gonar kakana tana cikin fetur ɗin nan. Nace to Baba ga namu na Kolmani da Buhari ya zo ya ƙaddamar a 2022, yace ka ga lita ɗaya? Tela na maƙota har da leƙowa yana dariya.

Da na ce masa ai PRP bata mutu ba tunda a 2019 ta ci kujeru biyu na majalisar wakilai a jihar nan, sai yayi tsaki yace wannan motar haya ce, wanda ya faɗi zaɓen fidda gwani a can sai ya zo ya hau, in ta kaishi ya sauka ko sallama babu. Wannan kam ban yi masa musu ba.

Yanzu kuɗi. Littattafan asali ba arha, rahoton 1976 ɗin dubu bakwai ya ce, da ƙyar ya bar min shida. Mujallu baya sayarwa ko nawa zaka bashi, sai dai a yi maka fotokwafi, shima yaronsa ne zai kai ya tsaya a kai ya dawo da ita, baya yarda ta kwana a waje. Baya karɓar tiransifa, babu POS, sai da na fita bakin titi na ciro kuɗi aka cire min caji. Rasit kuwa kada ma ka tambaya. Buɗewa sai wajen ƙarfe goma, yana rufewa da azahar sai bayan la'asar, juma'a kuma rabin yini.

Babban laifin da zan faɗa shine na fotokwafin. Littafin 1987 ɗin kwafi ɗaya gareshi don haka wanda aka riga aka ɗauka aka ɗinke ya sayar min dubu uku da ɗari biyar, bango shuɗi, a ido tsaf. Sai da yarinyar ta kai tsakiya ta kirani tace yaya daga shafi na 46 ya tsallaka 59, kuma wasu shafukan gefensu ya yanke, ƙarshen kowane layi babu, sai dai ka dinga cikawa da ka. Ga tawada ta yi fari-fari kamar injin yana jin yunwa. Don haka duk wanda zai saya ya zauna a bencin nan ya ƙirga shafi ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya, ko da Baba na maka hira, musamman ma in yana maka hira don a nan ake shagala.

Na koma ranar asabar da littafin a hannu, na shirya faɗa. Ya karɓa ya duba, ya kira yaron ya wanke shi tas a gabana har na fara bashi haƙuri, sannan ya ɗauko nasa na asali yace a je a cike shafukan ba ko sisi. A cikin biyar zan ba shagon huɗu, ɗayan na cire saboda ƙura da fotokwafi da rashin POS. Mai neman takardun NEPU da PRP da na su Sa'adu Zungur a garin nan ban ga inda ya kai shi ba, amma kada ka je kana sauri, kuma kada ka ɗauki duk abin da Baba ya faɗa ka zuba a furojet ba tare da ka buɗe takardar ka gani da idonka ba.

Ina jiran yaron ya dawo daga wajen fotokwafi Baba ya tambayeni wai da gaske babanka ɗan taɓo ne? Nace ƙwarai, har ya rasu hoton Malam na rataye a ɗakinsa. Yace Allah ya jiƙansa, mutanen kirki ne sai dai taurin kai. Nace haka shima yake cewa a kanku. Ya aika a ƙaro shayi.