Sharhi Kan Wani Kwas na Intanet Game da Dokar Satar Kaya a Kantuna

Na shafe makonni uku ina bin wani gajeren kwas da ake koyarwa ta intanet, wanda aka shirya domin manajoji da masu gadin kantuna, kuma abin da ya sa na yi rajista shi ne tambayar da ta daɗe tana damuna a wurin aiki: mutumin da ya cusa kaya cikin aljihunsa amma aka tare shi kafin ya kai ƙofa, sata ya yi ko yunƙurin sata, ko kuwa bai yi komai ba tukuna? Kwas ɗin ya amsa wannan tambaya da kyau, kuma a nan ƙarfinsa yake.

Malamar ta fara da dokar sata ta Ingila ta 1968, wadda ta ce sata ita ce mutum ya mallake kayan wani cikin rashin gaskiya da niyyar raba shi da su har abada. Ta jaddada cewa babu inda dokar ta ambaci ƙofa. Daga nan ta kawo shari'ar Morris ta 1983, inda kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa cire takardar farashi daga kaya mai tsada a liƙa masa takardar kaya mai arha, da nufin biyan kuɗi kaɗan, ya isa a kira shi mallakewa, ko da mutum bai kai ga mai karɓar kuɗi ba. Wato sau da yawa abin da muke ɗauka yunƙuri ne, a idon doka sata ce cikakkiya. Inda kuma aikin bai kammala ba, dokar yunƙurin aikata laifi ta 1981 tana hukunta duk wanda ya wuce matakin shiri kawai, kuma iyakar hukuncin da za a iya yanke masa daidai take da ta wanda ya yi satar, wato ɗaurin shekara 7.

Na ji daɗin yadda ba ta bar mu da wannan kaɗai ba. Ta nuna hotunan bidiyo na mutanen da suka sa kaya cikin jakarsu saboda kwando ya cika, ko uwa da ta manta da abin da ke ƙarƙashin keken jaririnta, sannan ta tambaye mu abin da za mu iya rantsuwa a kansa a gaban alƙali. Niyya ce ginshiƙin tuhuma, ita ce kuma mafi wuyar tabbatarwa. Shi ya sa kantuna da yawa suke umartar masu gadi su jira har mutum ya wuce wurin biyan kuɗi kafin su tare shi, domin a lokacin ne hujja take ƙarfi. Wannan darasi ya sauya yadda nake horar da sababbin ma'aikata, domin zargin wanda bai ji ba bai gani ba cin mutunci ne da ba ya gogewa da ban haƙuri.

Sashen rabe-raben tuhuma ya fi karkata ga Amurka, inda kowace jiha take da nata ma'auni na darajar kaya. A Niyok sata tana zama babban laifi idan kayan sun haura dala 1,000, a Tekzas kuwa daga dala 2,500. Kalifoniya ce ta fi jan hankalina, domin dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 2014 ta bayyana laifin da shiga kanti lokacin da yake buɗe da niyyar sata, matuƙar kayan da aka ɗauka ko aka yi nufin ɗauka ba su wuce dala 950 ba. Ke nan yunƙurin ma yana cikin laifin tun daga ma'anarsa. A 2024 aka ƙara tsaurara lamarin, ta yadda wanda aka taɓa samu da laifin sata sau biyu zai iya fuskantar tuhumar babban laifi komai ƙanƙantar kayan. An kuma yi bayanin cewa amfani da ƙarfi, ko da ture mai gadi ne domin a ƙwace kayan, yana iya mai da tuhumar ta koma fashi, wanda a Ingila iyakar hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne.

Inda kwas ɗin ya gaza, a ganina, shi ne abin da ke biyo bayan kamu. Minti kaɗan aka ba batun tarihin laifi da ke bin mutum wajen neman aiki ko biza, da wasiƙar neman diyya da kantuna kan aika ko da an karɓe kayan lafiya lau, ba a kuma ce komai ba game da yara masu ƙananan shekaru, alhali su ne muka fi rasa yadda za mu yi da su. Tambayoyin gwajin ƙarshe ma sun yi sauƙi fiye da kima.

Ina ba duk mai kula da kanti shawarar ya yi shi, amma ya nemi lauya a ƙasarsa ya daidaita masa darussan da dokar wurin kafin ya rubuta wa ma'aikatansa ƙa'idar tare mutum.