The Hate U Give: littafin da ya cancanci hannun matasa, amma ba kowane yaro ba

Babi na biyu kaɗai ya isa ya mayar wa mutum kuɗin littafin nan. Angie Thomas, 'yar garin Jackson a jihar Mississippi ta Amurka, ta fitar da shi a 2017, kuma ba ta yi wani dogon shimfiɗe tabarma ba. A ƙagaggen labarin, Starr Carter, baƙar fata 'yar shekara 16, na cikin motar Khalil, abokinta tun ƙuruciya, suna dawowa daga wajen wani casu, sai ɗan sanda ya tsayar da su saboda fitilar baya ta mutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka jera abin daki-daki. Tun Starr tana shekara 12 mahaifinta ya karanta mata dokokin haɗuwa da ɗan sanda: yi abin da aka ce, bar hannuwanki inda za a gan su, ban da motsi na farat ɗaya, kada ki yi magana sai an tambaye ki, ki haddace fuska da lambar da ke ƙirjinsa. Ita tana bin su ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta, Khalil kuwa yana karya su ba da mugun nufi ba. Ya tambayi dalilin tsayar da shi. Aka fito da shi, aka caje shi, aka ce kada ya motsa. Da ɗan sandan ya juya zuwa motarsa, sai yaron ya buɗe ƙofa don ya tambayi Starr ko lafiyarta ƙalau. Harsashi uku. Abin da aka ce bindiga ne a jikin ƙofar, burushin gyaran gashi ne. Lambar da ta haddace, 115, ita ta zama sunan ɗan sandan a bakinta har ƙarshen littafin. Mai karatu ya ga komai da idonsa, shi ya sa da kafafen labarai suka fara kiran Khalil dillalin ƙwaya, zafin na shiga har ƙashi.

Ana yawan cewa littafin na cusa ƙin 'yan sanda. A 2018 wata ƙungiyar 'yan sanda a South Carolina ta nemi a cire shi daga jerin karatun hutu na wata sakandare, kafin nan hukumar makarantun Katy a Texas ta ɗauke shi daga ɗakunan karatu a 2017. Ya shiga jerin littattafai goma da aka fi kai ƙorafi a kansu na Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka a 2017, 2018, 2020 da 2021. Zargin cusa ƙin 'yan sanda ban yarda da shi ba. Kawun Starr, Carlos, ɗan sanda ne, kuma shi ya riƙe ta kamar uba lokacin da mahaifinta Maverick ke kurkuku.

Sai dai ɗaya ƙorafin na da gaskiya, kuma ya ɓata min rai: ashar ta yi yawa. Har sunan littafin daga wata magana ta mawaƙi Tupac aka ɗauko shi, wadda cikonta ba ya faɗuwa a gaban manya. Ga zancen ƙwaya, ga soyayyar Starr da Chris, saurayinta farar fata, da ta kai inda iyaye da yawa a wajenmu ba za su so ba. Tsakiyar littafin ma ta yi sanyi. Shafuka sun haura 400, an ja rigimar Starr da ƙawarta Hailey ta makarantar Williamson fiye da kima, yayin da hankali ke kan kwamitin 'yan gari da zai yanke ko a gurfanar da 115. Hukuncin bai zo ba sai mako 13 bayan kisan: ba a gurfanar da shi ba. Shi kuma King, shugaban 'yan dabar Garden Heights, unguwar su Starr, an gama da shi cikin sauƙin da bai dace da mutumin da ya ƙona shagon Maverick ba.

Duk da haka a saya, amma ga ɗan shekara 15 zuwa sama, kuma babba ya fara karanta babi biyun farko kafin ya miƙa. Turancin hirar na unguwannin baƙaƙen Amurka ne, ɗalibin da ya saba da na aji zai yi tuntuɓe a babi na ɗaya, daga baya kunne ya saba. Kada fim ɗin 2018 ya maye gurbin karatun: a can an sa Khalil ya miƙa hannu ya ɗauko burushin, wanda ya sauya nauyin abin da ya faru a daren, kuma an cire DeVante gaba ɗaya, yaron da ta wajensa Starr ta gano cewa bashin da King ke bin mahaifiyar Khalil ne ya jefa shi sayar da ƙwaya.