Intakula mai iska ko mai ruwa? Ka ɗauki mai iska

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, game da tambayarka kan intakula (na'urar da ke huce iskar da turbo ke tura wa injin mota), wato wacce za ka ɗauka tsakanin mai sanyaya da iska da mai sanyaya da ruwa, shawarata ita ce ka ɗauki mai iska, kuma in da hali a ɗaura maka ita gaban lagireto.

Hilux ɗina mai injin gazuwal 3.0 da mai iska ta zo, a bisa inji, ƙarƙashin ƙofar iskar da ke kan kapo, kuma na daɗe ina bin hanyar Tawa zuwa Yamai da ita, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Turbo idan ya matsa iska yakan ɗaga zafinta ya haura digiri 100, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, shi ya sa inji ke rasa ƙarfi matuƙar ba a huce ta ba kafin ta shiga. Wata bazara, cikin watan Afrilu da zafi ya wuce digiri 40, motar ta yi nauyi, tana ta baƙin hayaƙi ko da ɗan hawa ne, har na fara lissafin kuɗin sabon turbo. Da bakanikena ya ɗaga kapo ya haska tocila, sai ga ƙurar hunturu da matattun ƙwari sun toshe ramukan intakular sarai. Ya wanke ta da ruwan sabulu a hankali, ya miƙe haƙoran da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya da bakin ƙaramar wuƙa, ya ƙara ɗaure tiyo. Ban sayi ko ƙusa ba, kuma tun kafin in isa Ƙonni washegari na ji motata ta dawo hayyacinta. Aibin intakular bisa inji guda da na sani shi ne, idan na tsaya cikin cunkoson gadar Kennedy a Yamai, zafin inji yakan hau ya cika ta, sai an kama hanya take hucewa; ta gaban lagireto ba ta cika wannan ba.

Mai ruwa ba zan hana ta haƙƙinta ba: tiyonta gajere ne, turbo na amsawa da sauri, kuma tana jure tsayuwa. Amma tana tafe da famfon lantarki da ƙaramin lagireto na biyu da tankin ruwa, kuma ruwan nan iskar bazararmu ce dai za ta huce shi. Famfon yakan mutu shiru ba ka sani ba, idan kuwa ta ɓule ta ciki, ruwa ya faɗa silinda, to maganar sauke inji ake yi.

Sai ka kula da wasu masu sayar da tsofaffin kayan mota, domin suna toshe ɓula da gam, su fesa fenti mai ruwan azurfa, su ce daga Turai ta sauka. Kada ka ba da ko dala sai an toshe bakin intakular guda, an hura iska ta ɗayan, an tsoma ta cikin ruwa a gabanka kamar yadda mai faci yake gwada tayar da ta yi faci. Sannan ka kife ta ka girgiza. Ɗan maiƙo ba komai ba ne, amma idan mai ya zubo ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe, turbon da ya lalace ne ya bar su, ka ajiye musu kayansu.