Ƙungiyar Injiniyoyin Man Fetur ta SPE: Abin da Mamba Ke Samu da Inda Hannunta Bai Kai ba

Duk ƙarshen shekara, idan saƙon sabunta rajista ya shigo, nakan sake tambayar kaina ko kuɗin da nake biya wa ƙungiyar injiniyoyin man fetur ta duniya, wadda aka fi sani da SPE, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ɗalibai da matasan injiniyoyi ma sukan yi mini wannan tambaya, musamman waɗanda suka yi karatu a Bauchi, Kano da Zariya, shi ya sa na ga ya dace in auna ƙungiyar kamar yadda ake auna kowace hidima da mutum ke saye da guminsa.

SPE ta samu sunanta ne a 1957, a matsayin ɓangare na AIME, tsohuwar cibiyar injiniyoyin ma'adinai ta Amurka, sannan ta tsaya da ƙafafunta a 1985. Babban ofishinta yana jihar Tekzas, kuma mambobinta sun haura dubu ɗari a ƙasashe fiye da ɗari. A Nijeriya tana da rassa biyar, wato Legas, Fatakwal, Warri, Benin da Abuja, waɗanda wata majalisa ta ƙasa ke haɗa kansu. Mai karatu ya riƙe wannan jeri a ransa, domin kusan duk abin da zan yaba da wanda zan kushe daga gare shi suka taso.

Abin da ba ni da ja a kansa shi ne ilimi. Mujallar ƙungiyar, JPT, tana fitowa tun 1949, kuma ita ce hanya mafi sauƙi da injiniya zai san abin da ake ciki a fagen haƙar rijiya da fitar da mai ba tare da ya bar garinsu ba. Amma babbar taska ita ce OnePetro, ɗakin karatu na intanet da aka buɗe a 2007, inda aka tara maƙalun SPE da na wasu ƙungiyoyin da ke da alaƙa da ita. Na taɓa zama da wani ɗalibin ajin ƙarshe wanda ya shafe makonni yana fama da aikin bincikensa kan taɓon da ake zubawa a rijiya lokacin haƙa, yana son gwada yumɓun gida a madadin wanda ake shigowa da shi daga waje. Muka buɗe shafin a wayarsa mai fasasshen gilashi, muka rubuta kalmomi uku, sai ga maƙalun injiniyoyin Nijeriya da suka riga shi bin wannan hanya, har da irin gwaje-gwajen da suka yi da kuma inda yumɓun ya gaza. Yaron ya yi shiru yana ta jan allon da yatsa, can ya ɗago ya ce, "Malam, ashe ba ni kaɗai ba ne." Sai dai a sani cewa taƙaitaccen bayanin maƙala ne kowa ke karantawa kyauta, cikakkiyar maƙala saye ake yi, mamba yana samun rangwame ne kawai, kuma da dala ake ciniki, sai fa wanda jami'arsa ko kamfaninsa ya biya kuɗin shiga na gaba ɗaya.

Haka nan ƙungiyar ce ke jagorantar tsarin PRMS, ma'aunin da aka fitar a 2007 aka sabunta a 2018, wanda da shi ake bambance man da aka tabbatar za a iya fitarwa a sayar da wanda ake kyautata zato da wanda hasashe ne kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Arewa. Tun da NNPC ya sanar da gano mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamban 2022, ake ta yawo da alƙaluman ganguna a majalisun hira. Wanda ya san PRMS ba ya ruɗewa da yawan sifili, tambayarsa ta farko ita ce a wane rukuni aka sa waɗannan ganguna.

Batun shugabanci kuwa yana da fuska biyu. Shugaban ƙungiya na duniya shekara ɗaya yake yi a kan kujera, ko da yake yana shafe shekara kafin nan a matsayin mai jiran gado, da wata shekarar bayan ya sauka yana zaune a hukumar gudanarwa. Aikin sa kai ne, haka ma shugabancin rassa. Alherin wannan tsari shi ne babu mai mayar da kujera gadon gidansu, kuma ƙofa a buɗe take ga wanda ba Ba'amurke ba, shaida kuwa ita ce Egbert Imomoh, ɗan Nijeriya kuma tsohon babban jami'in Shell, wanda ya shugabanci ƙungiyar a 2013, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan matsayi. Illarsa kuma, a ganina, ita ce shekara guda ba ta isa mutum ya shuka ya girbe ba. Kowane sabon shugaba yakan zo da takensa, kafin taken ya gangaro zuwa ƙananan rassa har an fara shirin miƙa mulki, saboda haka duk wani aiki mai buƙatar naci na shekaru, kamar kai ƙungiya yankin da ba ta da gindin zama, yakan zama maraya.

Akwai wani lamari da ya nuna inda gizo ke saƙa tsakanin shugabanni da mambobi. A 2021 aka sanar da shirin haɗe SPE da AAPG, ƙungiyar masana duwatsun mai ta Amurka, bisa hujjar cewa masana'antar tana sauyawa kuma haɗuwa za ta rage kashe kuɗi. Mambobi da dama suka nuna damuwa a kan makomar sunansu da sana'arsu, daga ƙarshe a watan Maris na 2022 ɓangaren AAPG ya dakatar da maganar. Ko mutum yana goyon bayan haɗewar ko ba ya yi, darasin a fili yake ga masu riƙe da ragama, cewa injiniyan da ke biyan kuɗin shekara yana son a tuntuɓe shi tun ana dama furar, ba sai an kawo masa ita a ƙwarya ba.

Wajen kai wa ga mambobi, ƙungiyar tana da shirye-shirye masu kyau a takarda da ma a aikace. Tun 1961 take tura zaɓaɓɓun ƙwararru su zaga rassa suna gabatar da lacca. Tana da tsarin haɗa matashi da gogaggen injiniya ta intanet domin ya riƙa ba shi shawara, tana da Energy4me na wayar da kan 'yan makaranta, da gasar kacici-kacici ta PetroBowl wadda ɗalibai ke kwana suna yi wa haddar tarihi da lissafin sana'a. A gida kuma ana yin babban taron shekara na NAICE a Legas, galibi a watan Agusta, da laccar Oloibiri a Abuja, wadda aka sa wa sunan garin da aka fara samun man kasuwanci a 1956.

To amma a sake duba jerin rassan nan biyar. Huɗu suna Kudu, inda rijiyoyi da ofisoshin kamfanoni suke, kuma babu wanda zai ce wannan rashin adalci ne, tunda inda ruwa yake can kifi ke taruwa. Duk da haka, sakamakonsa shi ne injiniyan da ke Kaduna, garin da ke da matatar mai tun 1980, ko malamin da ke koyarwa a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi, reshen da ya fi kusa da shi yana Abuja. Ƙwararren da aka turo daga waje rassa yake bi, taron wata-wata a rassa ake yi, kuma mafi amfanin abin da ake samu a irin wannan ƙungiya ba a cikin lacca yake ba, yana cikin tsayuwar minti goma bayan an tashi, lokacin da manajan wani kamfani zai tambayi matashi abin da ya karanta ya karɓi lambarsa. Wanda ya bi taro ta waya yana jin laccar, amma wannan tsayuwa ba ta zuwa masa. Idan aka lissafa kuɗin mota ko jirgi zuwa Legas, da masauki na kwana uku, da rajistar taro, sai a ga cewa mamba biyu masu biyan kuɗi ɗaya ba hidima ɗaya suke samu ba.

Wannan giɓi yana ƙara fitowa ne saboda taswirar aikin tana sauyawa. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ware asusu na musamman domin neman mai a sababbin yankuna, irin su kwarin Binuwai da yankin Tafkin Chadi, ga kuma bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. A ƙetaren iyaka, Nijar tana tace mai a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, kuma ɗanyen man Agadem ya fara bin dogon bututu zuwa gaɓar tekun jamhuriyar Benin a 2024. Injiniyan Nijar yana da ƙarin shinge, domin da Faransanci ya yi karatu, alhali kusan duk kayan ƙungiyar da Ingilishi suke. Abin da nake ganin ya rage wa shugabannin majalisar SPE ta Nijeriya shi ne su mayar da ziyarar jami'o'in Arewa wani abu mai jadawali wanda ba ya canzawa da canjin shugaba, su kuma riƙa kai wasu tarukan fasaha Kaduna ko Bauchi ko da ɗakin bai cika ba a karon farko. Mu ma da ke nan akwai namu laifin, domin reshe ba ya faɗowa daga sama, sai mambobin wuri sun taru sun nema, kuma da yawa daga cikinmu da zarar sun gama jami'a sai rajistarsu ta mutu.

Ga ɗalibi, shawarata ita ce ya shiga tun yana aji biyu, ya kuma nemi wani muƙami a ƙungiyar ɗalibai ta SPE da ke makarantarsu, ko da na mai rubuta bayanin taro ne, domin ta nan sunansa zai isa kunnen manya. Ga mai aiki a kamfanin mai ko mai koyarwa, kuɗin ya cancanta, musamman da yake ƙungiyar tana sassauta farashi gwargwadon ƙarfin tattalin arzikin ƙasar mutum. Wanda kuwa ya bar sana'ar, ko yake zaton katin zama mamba zai ba shi lasisin aiki, gara ya adana kuɗinsa, domin rajistar injiniya a Nijeriya hurumin COREN ne, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar, SPE ba ta da hannu a ciki.

Wahala guda da ta taɓa kusa raba ni da rajistata ba daga ƙungiyar ta zo ba. A lokacin da bankuna suka toshe biyan kuɗin waje da katin naira, na yi kwana huɗu ina safa da marwa zuwa wani banki, kowace rana da sabon uzuri, har sai da wani abokin karatuna da ke aiki a ƙasar waje ya biya mini da katinsa, ni kuma na tura wa mahaifiyarsa kwatankwacin kuɗin a naira. Tun daga lokacin ba na jiran Disamba ta ƙare kafin in sabunta.