Tsofaffin ƙananan mutum-mutumin shagon tela: wanne ya dace da yanayin Gusau

A shagunan teloli na Gusau, manyan mutum-mutumin roba da ake sa wa kaya a bakin ƙofa ba abin nema ba ne, suna ko'ina. Wanda ke da wuyar samu shi ne ƙaramin, wanda tsayinsa bai kai kamu biyu ba, yawanci an jefa shi saman kabad ƙura ta rufe. Masu tara kayan da suna cin karo da iri uku, kuma ɗaya ne kawai, na farkon, ya cancanci a ja ciniki a kansa.

Na farko shi ne na rabin awo. Gangar jiki ce kawai, babu kai babu hannu, an yi cikinta da matsattsen kwali da gam, aka shimfiɗa auduga, aka lulluɓe da yadi, aka ɗora a kan sanda. Kowane awo rabin na mutum ne: ƙirji mai inci 36 ya koma 18. Tunda tsawo da faɗi duk sun ragu da rabi, yadin da ake buƙata kashi ɗaya cikin huɗu ne, wato ɗinkin da zai ci turmin atamfa mai yadi 6 za a gwada shi da yadi ɗaya da rabi. Kayan aiki ne tun asali. Madeleine Vionnet, shahararriyar telar Faransa, a kan ƙaramar 'yar tsanar katako take fara yanka kafin a taɓa yadin gaske, kuma kamfanin Stockman na Paris tun 1867 yake irin wannan gangar jiki ta kwali. In ka ga tambarin kamfani a wuya ko a gindi, kada ka goge shi.

Rashin kai a jikinsa ma riba ne a nan. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, kuma a 2021 Hukumar Hisbah ta Kano ta hana baje tufafi a kan mutum-mutumi a shaguna. Gida da yawa ba za su karɓi abu mai fuska da idanu a falo ba, amma wannan da wuya wani ya ɗaga gira.

Na biyu su ne masu kai da fentin fuska, irin waɗanda kamfanonin zanen ɗinki na Amurka kamar Simplicity da McCall suka yi a shekarun 1940, wasu don ajiyewa a kan kantar masu sayar da yadi, wasu don koya wa yara mata ɗinki. An yi su da garin katako da gam, ko da wani cakuɗen roba. Su suka fi kyau a ido, su kuma suka fi saurin mutuwa a wajenmu. Garin katako yana shan laima da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, fentin da ke sama ba ya iya bin wannan motsi sai ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Na roba kuwa zafin Afrilu yana busar da shi ya yi tauri, yatsu su fara karyewa, kuma babu man da ke dawo da shi. Sai wanda ke da kabad mai gilashi a ɗaki mai inuwa ya saya.

Na uku na roba ne marar nauyi, na baya-bayan nan. Ya yi rawaya saboda rana, shi ke nan tsufansa. A wuce shi.

Duba na rabin awon kafin biya ba ya cin minti biyar. Ƙwanƙwasa jikin da yatsa: lafiyayye yana amsawa kamar ƙwarya, wanda ruwa ya taɓa yana yin dum, kuma yana lotsawa in an danna. Soka allura a kafaɗa, ya kamata ta shiga ta tsaya cak. Juya gindin katakon ka buga shi a kan farar takarda. Gari mai laushi da ƙananan huda alamar ƙwaron katako ne, hanyar ƙasa kuma gara ce. Jajayen ɗigo a jikin yadi tsatsar tsofaffin allurai ce, ba ta fita, amma ita ce shaidar an yi aiki da shi. Sabon da aka rina da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho launinsa ɗaya ne ko'ina, cikinsa soso ne, ba shi da nauyi. Na gaske ya fi kodewa ta gefen da ke fuskantar ƙofa, hudar allura kuma ta taru a kafaɗa da ƙugu.

Farashi ba shi da ƙa'ida, domin yawancin teloli ba su ɗauke shi kayan sayarwa ba. Wani gadon maigidansa ne, da ka taya zai ce albarka. Tayin kawo masa sabo ya musanya ya fi tayin kuɗi tasiri, kuma kada a je ana saura mako biyu Sallah, ba mai sauraron ka.

In mutum-mutumin ya zo gida, a ware shi mako biyu a kan farar takarda, a ga ko gari zai sake zuba. Ƙura da buroshi mai laushi ake cire ta, daga sama zuwa ƙasa. Ruwa da omo suna narka gam ɗin ciki, su bar taswira a yadi. Inda yadi ya ɗaga, ɗigon farin gam na Top Bond a bakin tsinken sakace ya isa, a danne da yatsa. Sufa gulu yana ƙona zare ya bar baƙin tabo. Ƙusar da ke ɗaga sandar in ta ci tsatsa, ɗigo biyu na man keken ɗinki, a bari ya kwana, a goge sosai kada ya hau yadi. Rigar da za a sa masa a zaɓi atamfa mai ƙananan zane, domin babban fure ɗaya zai cinye gaban rigar gaba ɗaya, kuma a wanke ta tukuna saboda rini yana zuba a jikin tsohon yadi da damina.