20W-50 ko 5W-30? Amsa ga mai Corolla ɗin da ke shan baƙin mai

Salam 'yan uwa. Ɗan uwanmu da ya yi tambaya daren jiya ya ce Corolla ɗinsa 2006 ce 'yar Amurka, tana shanye masa kusan lita ɗaya na baƙin mai duk kilomita 1,500, makanikensa ya ce a koma 20W-50 mai kauri shan zai tsaya, ƙaninsa kuma ya nuna masa murfin inji an rubuta 5W-30 ya ce kar ya kuskura ya canza, shi ne yake tambaya wanne zai bi. Malam na ga amsoshin da aka ba ka, wasu sun ce makanike ya fi kowa sanin mota, wasu sun ce ai kamfani ba mahaukaci ba ne. Bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe, don ni ma mota ƙirar Pontiac Vibe na riƙe shekara da shekaru kuma injinsu ɗaya da taka, 1ZZ mai lita 1.8, gangar jikin ce kawai ta bambanta.

Amma kafin komai ka leƙa mitar motar tukuna. Motar da aka shigo da ita daga Amurka mil take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma mutane da yawa ba sa lura. In 1,500 ɗin da ka gani mil ne to kilomita 2,400 ka yi kenan, lissafin ya canza sosai.

Lambobin nan da ke jikin galan ba wani sirri ba ne. Ta farko mai W tana nuna yadda man yake gudu in inji ya yi sanyi, W ɗin ma daga kalmar Turanci ta hunturu aka ɗauko shi, ƙaramar lamba na nufin ya fi saurin gudu da safe. Ta biyun kuma kaurin man ce a digiri 100. A ma'aunin SAE, wato ma'aunin kaurin baƙin mai, mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Kenan in inji ya ɗau zafi 20W-50 ya kusa ninka 5W-30 a kauri. Da safe kuwa ratar ta fi haka, a digiri 40 ma wanda mu muke cewa ana zabga rana, shi 20W-50 ya ninka 5W-30 fiye da sau biyu, balle asubar hunturu a Jos ko Zariya da yake zama kamar zuma.

To a nan ne hujjar makanikai ta "ai ƙasarmu da zafi, man Turawa ruwa ne" take da rabin gaskiya. Inji mai lafiya wajen digiri 90 yake aiki, ko a Sakkwato ko a Kanada, aikin tamostat da fanka da lagireto kenan, don haka ba rana ce ke ƙayyade zafin cikin inji ba. Rabin gaskiyar shi ne in ka shiga goslo na awa guda a watan Afrilu da AC a kunne, ko ka ɗauko kaya da mutane ka miƙe hanyar Kano zuwa Abuja kana taka ta, man yana ƙara zafi kuma yana ƙara tsinkewa, mai kauri ya fi riƙe jikinsa a irin wannan hali. Shi ya sa ma littafin Toyota na motocin wancan zamani da aka kai ƙasashe masu zafi yake da jadawali, har da 15W-40 da 20W-50 a ciki. Saboda haka masu cewa in ka zuba 20W-50 injin zai buga gobe da safe sun yi ƙari, tasi nawa ne a garin nan suke yawo da shi. (Su kuma masu cire tamostat su haɗa fanka dairek wai don kar mota ta yi zafi, wannan wani karatun ne, injin da ba ya kaiwa zafinsa shi ya fi tara dauɗa a ciki.)

Abin da 20W-50 zai yi maka gaskiya zai yi: shan zai ragu, hayaƙin zai ragu, ƙarar injin za ta ɗan lafa, kuɗinsa ya fi sauƙi kuma ko a ƙauye ka tsaya za ka samu. Mai kauri ba ya saurin bi ta ƙananan kafofi, shi kenan dalilin. Amma bai gyara komai ba, kuma a irin injinka akwai inda yake ƙara dagula lamarin, nan ne nake so ka tsaya ka fahimta.

Kowane fiston zobe uku ne a jikinsa, ringin da muke cewa. Biyun sama su ke riƙe ƙarfin wuta, na ƙasan kuma aikinsa ya kankare man da ke jikin silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ƙananan huji da ke jikin fiston ɗin. Injin 1ZZ, musamman na farko-farko irin na Corolla 1998 zuwa 2002, an san shi da wannan lalurar: hujin ƙanana ne, man da ya daɗe ya ƙone sai ya zama gawayi ya toshe su, ringin ƙasan ya maƙale a raminsa ya daina kankarewa, sai man ya riƙa hawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Daga baya Toyota ta gyara fasalin fiston ɗin, taka 2006 tana cikin masu dama-dama, amma motar da ta kusa shekara ashirin kuma ba ka san irin juyen da masu ita na baya suka riƙa yi ba, tana iya kamuwa. Wato sau da yawa ringin bai cinye ba, maƙalewa ya yi. Shi kuma 20W-50 da ke kasuwarmu yawanci na gargajiya ne ba sintetik ba, ya fi saurin ƙonewa ya bar gawayi in ya sha zafi ya daɗe, to ka ga kana rage hayaƙi a salansa amma kana ƙara wa hujin nan abin da ya toshe su tun farko. Ga kuma VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da ƙarfin mai yake juya kamshaf, man sai ya bi ta wata 'yar raga da wani ƙaramin bawul kafin ya isa, da kauri da dauɗa duk ba ya so. Sannan da safe in ka tayar, kafin mai kauri ya hau saman inji an ɗan jima ana gogar ƙarfe da ƙarfe, wannan ƙaf-ƙaf ɗin da kake ji na 'yan daƙiƙu. Fetur ma zai ɗan ƙaru, ba sosai ba dai.

Shi kuma 5W-30 da shi aka tsara injin, sintetik na gaske kuma shi ya fi. Yana isa ko'ina da wuri, yana jure zafi, yana wanke ciki, fetur ya fi auki. Aibinsa biyu. Na ɗaya tsada, kuma motar da ke shan mai ba ta san tsada ba, yadda za ta sha mai arha haka za ta sha shi har ma ta fi. Na biyu duk inda sil ya bushe ko gaskit ya saki zai nuna maka, sai mutum ya ce sintetik ya fasa masa inji alhali dauɗa ce dama ta liƙe wajen, da aka wanke sai yoyon ya fito. Don haka ƙaninka ma yana da gaskiya, sai dai murfin nan an rubuta shi ne wa sabon inji, ba wanda ya zagaye Amurka ya hau jirgin ruwa ya zo ya ƙara shekaru a kan hanyoyinmu da ƙurar hunturu ba.

Wani abu da zai ba ka mamaki, su kansu kamfanonin ba sa ɗaukar shan mai kaɗan a matsayin lalacewa. A littafin Toyota da yawa an rubuta iyakar abin da suka yarda da shi lita 1 ce a kilomita 1,000, wanda ni dai a ganina kare kai ne kawai. Lokacin da injin 2AZ mai lita 2.4 ya addabi mutane, wato na Camry 2007 zuwa 2009 da muke ce wa Muscle da RAV4 2006 zuwa 2008 da wasu Matrix da Corolla XRS na 2009, gwajin da Toyota ta sa a Amurka shi ne in mota ta sha fiye da kwat 1, kusan lita ɗaya kenan, a mil 1,200 to a canza mata fiston da ring, har ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ka lura ba ta ce a zuba mai kauri ba, fiston ta canza. Mil 1,200 kusan kilomita 1,900 ne, to in taka da gaske kilomita 1,500 take yi da lita ɗaya ta wuce wancan layin, in kuma mil ne ba ta kai ba.

Kafin ka kashe kuɗi a kowane mai ka gano ta ina yake fita, don ba duk man da ya ɓace ne inji ya ƙone ba. Ka sa a wanke injin, ka kwana da kwali a ƙarƙashinta. A 1ZZ wuraren da suka fi yoyo su ne gaskit ɗin murfin sama da 'yar robar tenshonan taimin cen da ke baya ta ɓangaren fasinja, nawa nan ne ya riƙa tsiyaya a hankali ba ya ko ɗiga ƙasa, wani makanike har ya yanka min kuɗin ring, ashe roba ce da ba ta kai kuɗin cin abincin rana ba. Sai bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin cikin inji, da ke jikin murfin sama, ka cire ka girgiza, in ba ya ƙara ya toshe, kuma toshewarsa kaɗai tana sa mota shan mai da yoyo, shi ma arha ne a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Sai hayaƙi: in shuɗi ne yana fitowa da safe ko bayan ka daɗe a tsaye a danja sannan ya ɗauke, sil ɗin bawul ne. In kuma sai ka taka mota yake turnuƙewa, ring ne. Kar rashin hayaƙi ya ruɗe ka, in indomin motar, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, tana nan ba a cire ba tana cinye hayaƙin, ita ma a hankali man yake kashe ta. A ciro fulogi a duba, wanda ya jiƙe ko ya tara toka shi zai nuna silindar da ke da matsala.

Ni in motata ce ga abin da zan yi. Ba zan yi tsalle daga 30 zuwa 50 ba, akwai mataki a tsakiya da mutane ke mantawa da shi, 5W-40 ko 10W-40, ya fi 30 jiki in an ɗau zafi kuma bai kai 20W-50 nauyi da safe ba. In gyara yoyo da PCV, in zuba shi da filta mai kyau, in canza filtar iska don ƙura ce ke cin silinda a garuruwanmu, in riƙa juye duk kilomita 5,000 ko ƙasa da haka, sannan in auna da kaina: mota a daidaitaccen wuri, a kashe ta minti goma, a cika zuwa alamar sama ta geji, a rubuta lambar mita, a sake dubawa bayan kilomita 1,000. Juye biyu ko uku za su gaya maka ko ringin yana saki ko ya tafi. A jikin galan ka duba API, wato matakin ingancin man, SN da SP suna cikin na baya-bayan nan, SL ma ya wadatar wa motarka, amma in ka ga SF ko man durom da ake aunawa a kwalba a bakin titi to na janareto da tsofaffin a-kori-kura ne. Jabu kuma ya yi yawa, gara 20W-50 na gaske da 5W-30 na bogi, ka saya a gidan mai ko wajen dila, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, in an gama ka huda shi kar a sake cika shi a sayar wa wani. Wannan abin mai kama da zuma da ake ƙarawa wai tiritmen, kauri kawai yake ƙarawa, ka bar shi.

20W-50 yana da wurinsa, ban ce a jefar ba. Golf 3 da 504 da 505 da tsofaffin injina da suka saki, ko taka ɗin ma in an gwada kamfireshan an ga ringin ya cinye da gaske kuma kuɗin obahol ko hafin inji bai taru ba, to ka zuba shi ka lallaɓa har Allah ya hore, ka san dai lallaɓawa kake.

Wanda ya fi komai hatsari a halin da kake ciki ba zaɓen mai ba ne, ƙarewarsa ce. Injin nan kusan lita 4 yake ɗauka, in yana shan ɗaya duk kilomita 1,500 kuma ka ce sai ranar sabis za ka duba, kafin kilomita 5,000 fiye da lita 3 ta tafi, ita kuma jar fitilar butar nan da ke dashbod ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfinsa take aunawa, kafin ta kama an riga an fara ɓarna. Ka ajiye lita ɗaya a but, irin wanda ke cikin injin, ka riƙa zaro geji duk Juma'a da kuma kafin kowace doguwar tafiya. In ka yi gwajin kilomita 1,000 ɗin ka turo mana abin da ka gani da hoton fulogin.