iNaturalist ce ta faɗa min sunan ɗan macijin da na tsinta

Jiya da yamma ina sauya wa fulawa tukunya sai ga wani abu baƙi mai sheƙi yana mutsu-mutsu cikin ƙasa, tsawonsa bai kai tafin hannuna ba, na ɗauka tana ce wallahi sai da na ga ya zaro ɗan harshe. Nan take na ɗau hotonsa na ɗora a iNaturalist, manhajar kyauta ce, tana fara ba ka hasashenta sannan masana su zo su duba.

Amsar da na samu ita ce Indotyphlops braminus, daga dangin Typhlopidae, wato makafin macizai masu zama ƙarƙashin ƙasa. Ashe ba ya da dafi ko kaɗan, ƙwan tururuwa da na gara yake ci, idonsa ɗan ɗigo ne kawai ƙarƙashin ɓawo, kai da wutsiya kamar ɗaya sai dai wutsiyar na da ɗan tsini, kuma jikinsa ba gaɓa-gaɓa irin na tana. Abin da ya fi ɗaure min kai, dukkansu mata ne, suna hayayyafa ba namiji, kuma cikin tukwanen fulawa suka bi duniya.

Gaskiya na ji daɗin manhajar sosai. Amma don Allah ku ɗau hoto daga nesa, kar ku taɓa, akwai wani maciji mai suna Atractaspis a ƙasarmu, shi ma baƙi mai tona ƙasa, kuma saransa na da dafi.